Lissafin Ƙarfi da Motsi: Wa Zai Rubuta wa Ɗan Kajuru Littafi?

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutu. A hutun da ya gabata na je gida Kajuru, sai na tarar da shi a gindin mangwaro ya duƙufa a kan wasu takardu da aka yi ta yi wa fotokwafi a kan fotokwafi, har rubutun ya dishe kamar an tsamo shi daga ruwa. Na tambaye shi abin da yake karantawa, ya ce mini "makaniks". Mahaifiyarmu da ke gefe tana ɓarar gyaɗa ta ɗago kai ta ce, ashe duk wannan wahala kanikanci yake son koya, to me ya hana a kai shi gareji a Kasuwan Magani ya huta? Muka yi dariya gaba ɗaya. Amma da na karɓi takardun na duba, dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro, domin shafi na 41 ne yake bin shafi na 36, kuma babu wanda ya san inda sauran suka shiga.

Ga wanda bai sani ba, makaniks wani reshe ne na lissafi da ke nazarin ƙarfi da motsi: me ya sa abu yake tsayawa, me ya sa yake faɗuwa, da wane sauri, kuma ina zai sauka. A manyan makarantun sakandare ana samun sa ne a cikin darasin Lissafi Mai Zurfi, wanda yara suke kira "foda mas". A jarrabawar WAEC an kasa sashen dogayen tambayoyi na wannan darasi gida uku: tsantsar lissafi, da ƙididdiga, sannan lissafin kibiya da makaniks, kuma dole ne ɗalibi ya amsa aƙalla tambaya ɗaya daga kowane kashi. Ke nan babu hanyar zillewa. Gaskiya ne JAMB ba ta neman wannan darasi ga mai son karanta injiniyanci, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri take nema. To amma duk wanda ya zauna da 'yan aji ɗaya na tsangayar injiniyanci a ɗakin kwana ya san bambancin wanda ya taɓa haɗuwa da makaniks a sakandare da wanda sai a jami'a ya fara jin sunansa.

Makarantar ƙanena ba ta da malamin wannan darasi. Wanda yake taimaka musu ɗan bautar ƙasa ne, ya gama shekararsa ya tafi, ya bar musu waɗancan takardu. Ba na ganin laifinsa, ya ma yi ƙoƙari. Yankinmu ya sha fama da tashe-tashen hankula, musamman a shekarun 2018 da 2019, kuma malamin lissafi da ke da zaɓi ba kasafai yake zaɓar ƙauye ba. Saboda haka yaron da yake son wannan ilimi ba shi da wata dabara illa ya koyar da kansa. Tambayar ita ce, da me?

Abin da na tattaro masa

Ni ɗalibin Hausa ne, rabona da lissafi tun jarrabawar fita sakandare. Amma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Da na dawo makaranta na bi abokaina na sashen Lissafi da na Fiziks ɗaya bayan ɗaya, ga kuma abin da na samo, ko Allah zai sa ya amfani ƙanen wani.

Na farko, manhajar jarrabawar kanta. Ita ce take faɗa wa ɗalibi iyakar gonarsa, don kada ya ɓata wata uku yana noma a gonar wani. A ɓangaren makaniks abin da ake nema bai wuce haɗa ƙarfi da rarraba shi ba, da daidaituwar abin da ke tsaye, da gogayya tsakanin abu da abu, da lissafin motsi a miƙe, da dokokin Newton guda uku, da karo tsakanin abubuwa biyu, da kuma jifa.

Na biyu, littafi guda ɗaya cikakke, wanda za a bi daga bango zuwa bango. Wanda aka fi sani a makarantunmu shi ne Further Mathematics Project na Tuttuh-Adegun da abokan aikinsa, mai juzu'i uku. Wanda ya yi sa'a yakan ci karo da tsofaffin littattafan Bostock da Chandler na Ingila a wurin masu baza littattafai a bakin titi. Abokaina sun ja mini kunne cewa littafi ɗaya da aka gama ya fi biyar da aka ɗanɗana.

Na uku, littafin Fiziks, irin su New School Physics na Anyakoha. Dalili kuwa shi ne littafin lissafi yakan ba ka ƙa'ida ya wuce, na Fiziks ne yake tsayawa ya gaya maka abin da ƙa'idar take nufi a zahiri.

Na huɗu, tsofaffin tambayoyin jarrabawa tare da rahoton shugabannin masu maki, wanda WAEC take fitarwa. Wannan rahoto shi ne malamin da ba ya gajiya, domin yana nuna ainihin wuraren da ɗaliban baya suka yi tuntuɓe.

Na biyar, intanet. Akwai darussan bidiyo na Khan Academy, da littattafan OpenStax na Jami'ar Rice ta Amurka waɗanda ake saukewa kyauta, da gwaje-gwajen kwamfuta na PhET daga Jami'ar Kolorado, inda yaro zai harba dutse a fuskar waya ya ga yadda zai sauka. Sai dai shawarata ita ce a sauke a adana, kada a dogara da cewa kullum layi zai samu. Ba mu manta ba, a ƙarshen shekarar 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Ga kuɗin data, ga kuɗin cajin waya a shago.

Na haɗa duk abin da na iya haɗawa, na sayi littafin da kuɗin da na tara, na cika katin waya da bidiyo, na ba wani direba ya kai masa. Na kwanta ina ganin na gama aikina na wa.

Inda gizo yake saƙa

Bayan mako uku ya kira ni. Ya ce kaya sun iso, ya gode, amma yana nan inda yake. Lissafin ba ya gagararsa, in dai an ɗora masa lambobi zai warware. Abin da ke kayar da shi shi ne tambayar kanta. Layi huɗu na Turanci, ana maganar wani sanda mai nauyi bai ɗaya da aka jingina da bango mai santsi, ƙasansa a kan daɓe mai kaushi, yana dab da zamewa. Kafin ya gane hoton da ake son ya zana, rabin lokaci ya tafi. Mai bidiyon kuma Turancinsa na Amurka ne, yana gudu kamar ana korarsa.

Na ce ya karanto mini tambayar a hankali. Da ya gama na ce masa, "Kai, wannan ai tsanin Baba ne da yake jinginawa a jikin rumbu. Ka tuna ranar da aka yi ruwa ƙasa ta yi santsi, aka ce ka taka ƙafar tsanin kada ya zame?" Ya yi shiru, can sai ya ce, "Yaya, wai dama shi ke nan?" A cikin minti goma ya turo mini amsa, abokina na sashen Lissafi ya duba ya ce daidai ne.

Tun daga ranar nake da ra'ayin da nake son in gabatar a wannan fili. Kayan karatun makaniks ba su yi ƙaranci a duniya ba, sun ma yi yawa. Abin da babu shi ne ɗan littafin da zai tsaya tsakanin yaro da waɗancan kaya, ya yi masa bayani da harshen da yake tunani da shi, da misalan da ya taɓa gani da idonsa. Kuma ina ganin rubuta wannan littafi aikinmu ne, mu ɗaliban Hausa.

Makaniks ya fi kowane reshe na lissafi dacewa da wannan aiki, domin babu abin da yake magana a kai da ɗan ƙauye bai sani ba. Yaron da ya taɓa harbin tsuntsu da danƙo ya san cewa in ya ɗaga hannu da yawa dutsen zai faɗo kusa, in ya kwantar da yawa ma haka, akwai wani tsaka-tsaki da ya fi nisa. Littafi zai gaya masa cewa wannan tsaka-tsakin digiri 45 ne a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, in an ɗauke ruwan iska. Wanda ya taɓa ganin motar da aka lafta wa buhunan citta har sama ta kife a kwana a hanyar Kachia ya riga ya san abin da ake nufi da cibiyar nauyi. Wanda ya saki tsakuwa a rijiya ya ƙirga daƙiƙa biyu kafin ya ji ƙara, to zurfin rijiyar ya kai kimanin mita 20, in daƙiƙa uku ne kimanin mita 45, domin gudun abin da ke faɗuwa yana ƙaruwa da kusan mita 10 a kowace daƙiƙa. Ilimin yana jikin yaron. Sunan abin ne kawai aka ba shi da baƙon harshe.

Aikin da ke jiran masana harshe

Kada wani ya ɗauka fassara ce kawai ta ɗaukar ƙamus a musanya kalma da kalma. A nan ne ma aikin yake da daɗi ga mai nazarin harshe. Ɗauki kalmar "nauyi". A Hausar yau da kullum buhun masara mai kilo 100 yana da nauyi, magana ta ƙare. Amma a makaniks abu biyu ne daban. Akwai yawan abin da ke cikin buhun, wanda ake aunawa da kilo, kuma ba ya canzawa ko ina aka kai shi. Akwai kuma ƙarfin da ƙasa take jan buhun da shi, kimanin niyuton 980, wanda in an kai buhun duniyar wata zai ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin shida. Wanne za mu bar wa "nauyi"? A ganina na biyun, tunda shi ne wuyan mai ɗauka yake ji. Na farkon fa? Ni na so a ce "curi", wani abokina ya ce "ƙunshi". Ga muhawara ta samu.

Haka kalmar "ƙarfi". Da ita muke faɗin turawa da ja, da ita muke faɗin kuzarin da ke cikin man fetur, da ita muke faɗin yawan aikin da inji yake yi a daƙiƙa. A makaniks waɗannan abubuwa uku ne, kowanne da ma'auninsa, kuma yaron da ya cakuɗa su ya faɗi. Haka "sauri" da "gudu": ɗaya ya kamata ya tsaya ga yawan tafiya kawai, ɗayan ya haɗa da inda aka dosa. Ga "gogayya" da "tirjiya", wacce ta fi dacewa da abin da ke hana tsani zamewa? Kalmar "aiki" ma ba ta tsira ba. A lissafin makaniks, matar da ta ɗauko itace a ka ta yi tafiyar kilomita biyar a kan miƙaƙƙiyar hanya marar hawa, ba ta yi wa nauyin itacen nan aikin komai ba, domin ba ta ɗaga shi sama da inda yake ba. Je ka gaya wa mahaifiyata haka ka ji amsa. Wannan ya nuna cewa ko Bature sai da ya ɗauki kalmominsa na gida ya ƙuntata ma'anarsu kafin su zama na kimiyya. Abin da ya yi ba sihiri ba ne.

Kuma ba daga ƙasa za mu fara ba. Tun cikin shekarun 1980 aka tattara kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsunan Nijeriya tara, har da Hausa. A 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, kuma albarkacin irin wannan aiki ne yau muke nazarin ginin jimla da tsarin sauti da Hausa ba tare da jin wani abu ba. In an iya samar wa ilimin harshe kalmomi, me zai hana a samar wa tsani da guga?

Masu ja da wannan ra'ayi

Na san za a ce da Turanci ake jarrabawa, don haka bayani da Hausa ɓata lokaci ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ban ce a jefar da littafin Turanci ba. Littafin da nake nufi ɗan rakiya ne. Zai kawo kalmar Turanci yadda za a gan ta a takardar jarrabawa, ya warware ta da Hausa, ya kawo misali na gida, sannan ya mayar da yaro ga tambayar Turanci. Ƙanena bai amsa tambayar tsani da Hausa ba, da Hausa ya gane ta.

Za a kuma ce gwamnati ta riga ta yanke hukunci. Haka ne, a watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare, sannan a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin da komawa ga Turanci. Ni dai ban gamsu ba, ganin cewa gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu ba. Amma ko ma mene ne, wancan hukunci na cikin aji ne. Yaron da nake magana a kansa ba shi da malami a ajin ma. A gindin mangwaro yake, kuma babu dokar da ta hana a yi masa bayani a can.

Sai magana ta uku, wadda ta fi taɓa ni. Ni ba Bahaushe ba ne. Da harshen Adara aka yi mini rawar jariri, Hausa a kasuwa da filin ƙwallo na tsince ta. Akwai 'yan'uwana a Kudancin Kaduna da suke ganin Hausa tana cinye ƙananan harsunanmu, kuma ba ƙarya suke yi ba, domin na san gidajen da jikoki ba sa iya gaisawa da kakanninsu sai da Hausa. Sun tambaye ni, don me ba za ka rubuta da harshenka ba? Amsata ita ce, ina fata in ga ranar. Amma a yau, in ka tara ɗan Adara da ɗan Gbagyi da ɗan Bajju da Bafulatani da Bahaushe a benci ɗaya daga Kajuru har Kafanchan, harshen da za su yi musu da shi a kan amsar lissafi Hausa ce. Littafi ɗaya zai ishe su duka. Kuma wanda ya ga yadda aka raba "nauyi" gida biyu a Hausa, ya sami hanyar da zai bi ya yi wa nasa harshen. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma da abin da ke hannu ake kashe maciji.

Tarihin ilimin kansa yana bayanmu. Littafin da Galileo ya fitar a 1638, wanda ake ɗauka a matsayin tushen nazarin faɗuwa da jifa, mafi yawansa da Italiyanci ya rubuta shi a sigar hira tsakanin mutum uku, a zamanin da Latin ne harshen malamai. Ya kuma buɗe shi ne da zancen masu sana'a a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta birnin Benis. Ashe mahaifiyarmu ba ta yi nisa da gaskiya ba da ta ambaci gareji. Shi kuwa Newton da Latin ya rubuta nasa a 1687, sai a 1729 aka fassara shi zuwa Turanci. Turancin da yake tsorata ƙanena, shi ma a wannan fage ɗan karɓa ne.

Shawara

Kowace shekara muna rubuta kundin kammala digiri. Nazarin karin magana a wannan littafi, nazarin jigo a waƙoƙin wancan mawaƙi. Ba na raina su, ilimi ne. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, nawa ne daga ciki aka sake buɗewa bayan an ba da maki? Ina roƙon malamanmu su amince wa ɗalibi biyu ko uku a shekara su ɗauki babi ɗaya na makaniks a matsayin aikin fassara da ƙirƙirar kalmomi, a haɗa kowannensu da ɗalibin Lissafi ko Fiziks wanda zai tabbatar ba a karya ƙa'ida ba. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta riƙa zama sau ɗaya a zango don tace kalmomin da aka kawo. Kafin a amince da kowane babi, a kai shi wata makarantar ƙauye a ba yara biyar su karanta, inda suka tsaya a gyara. A cikin shekara uku babi bakwai sun haɗu. A buga shi ƙarami mai arha, a kuma sa shi a sigar da za a iya turawa daga waya zuwa waya ba tare da data ba. Wanda yake da murya ya karanta a naɗa.

A shekarar 2025 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace a Kachia, maƙwabciyarmu. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Kujeru sun zo har ƙofar gida. In yaranmu ba su shirya ba, za su riƙa kallon gine-ginen ne ta tagar mota, wasu daga nesa su zo su zauna.

Ni dai na fara. Na rubuta shafi tara a kan tsani da rumbu, abokina ya gyara mini kurakurai huɗu, na aika wa ƙanena. Ya ce yanzu su shida ne suke haɗuwa a gindin mangwaron ranar Asabar, kuma sun ƙi amincewa da "curi", wai dariya take ba su, sai in nemo wata. To, 'yan'uwana ɗalibai, ga fili ga mai doki. Duk wanda yake da kalmar da ta fi tawa, ina jiransa a ƙofar sashe, kuma a yi sauri, domin jarrabawar yaran nan ba za ta jira mu ba.